Mu 'yan ƙauye ne masu kallon, amma ba don mu ake yin fim ɗin ba

Jama'a ku yi haƙuri yau abin zai ɗan yi tsawo. Duk sharhin fim ɗin da nake cin karo da shi a Facebook daga 'yan birni yake fitowa, wane ya kalli sabon fitowa a YouTube ko awa ɗaya ba a yi da sakinsa ba, wance ta je silima ta ɗora hoto, sai ka rantse su kaɗai ne masu ido. To mu ma fa muna kallo, in ma yawan idanu ake magana ni ban ga ta yadda birni zai kamo ƙauye ba. Namu kallon ne kawai ba ya shiga lissafi, kuma a ganina daga nan duk ƙorafin da muke yi a kan finafinan Hausa na yanzu ya samo asali.

Bari in faɗa wa wanda bai sani ba yadda fim yake iso mu a nan yankin Ringim. Sabis sai ka hau tudu ko ka matsa bakin titi, data kuma ta yi tsadar da ba mai hankalin da zai ƙona ta a kan fim ɗin awa guda yana da kuɗin taki a gabansa. Saboda haka shagon caji shi ne silimarmu. Janareta na ta ƙugi a baya, allon soket cike da wayoyi kowacce an manna mata lamba, ga wata tsohuwar kwamfuta a kan benci da igiyoyi sun yi mata rawani. Mai shagon shi zai hau mashin ya je inda sabis yake da ƙarfi ya sauko da na satin, ko ya karɓo a wajen abokin sana'arsa ranar Lahadi a kasuwar Gujungu. Da la'asar yara za su fara zuwa da memori ƙunshe a leda ko a ƙulle a bakin zani, "Yaya wai in ji Umma a tura mata ci gaban na rannan, kuma wai kar a sa mata mai faɗa", a ba shi 'yan canji ya tura. Daga wannan memorin kuma sai Xender ta ɗauka, maƙota da maƙotan maƙota, har amaryar da aka kai rugar can gaba sai ya isa gare ta.

To ku yi lissafin da kanku. A wajen YouTube mutum ɗaya ne ya taɓa fim ɗin nan, wato mai shago. Alhali gari guda ne ya kalla, don ba mai kallo shi kaɗai a nan, waya ɗaya gida guda ne ke zagaye da ita. Furodusa kuma abin da yake dubawa lambar da ke ƙasan bidiyonsa ce da kwament ɗin da aka yi masa, da masu ba shi talla. Wa yake yin kwament ɗin? Mai data. Ina mai data yake? Kano, Kaduna, Abuja, Yamai, Saudiyya. Shi kenan sai ya shirya abin da zai burge su, mu kuma mu samu ragowa.

Da ba haka abin yake ba, kuma ba wai son zamanin da ne ya sa na faɗa ba. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990 har zuwa lokacin da Sangaya ya zo ya buɗe kasuwar gaba ɗaya, sana'ar nan a kan kaset take tsaye, daga baya faifan sidi ya karɓa. Kaset kuwa sai an ƙirga kuɗi an miƙa. Dillalan Ƙofar Wambai sun san adadin kwalin da ke tafiya Haɗeja da Gumel da Kazaure da Birnin Kudu, sun san wane jarumi ne in an sa fuskarsa a fosta mai gidan hayar kaset na ƙauye zai ɗauki biyar maimakon biyu, kuma su ne ke gaya wa furodusa abin da kasuwa ke so, wani lokacin ma da kuɗinsu ake yin aikin. Na san su ma dillalan sun yi nasu zaluncin, masu fim sun sha kuka da su, amma dai a lokacin kuɗin baƙauye yana da murya. Shi ya sa marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi sarautarsa har ya koma ga Allah a ƙarshen 2014. Mutumin Ɗanlasan ne, in ya fito a baƙauye ba kwaikwayo yake ba, ya san yadda ake zaman majalisa a gindin bishiya, ya san yadda ake cinikin akuya, in ya yi wauta dariya muke yi tare da shi don mun san a ƙarshe ɗan birnin ne zai sha kunya. Allah Ya jiƙansa.

Yanzu fa? A cikin masu dogon zangon da aka tura mana kwanan nan akwai wanda aka ce wai labarin 'yar ƙauye ne, ba zan kama suna ba don ba faɗa na zo yi ba. Ranar da aka kalle shi a gidanmu bayan isha'i mata na ɓarar gyaɗa a tsakar gida, an jefa wayar cikin kwanon silba don sauti ya fito an jingina da turmi, sai ga jarumar an nuno ta tana daka. Gwaggona ta ajiye gyaɗar hannunta ta ce "Ke dakata, mayar min baya. Wannan 'yar surfe take ko dakan gari? Ji yadda ta riƙe taɓarya a can ƙarshe sai ka ce za ta kashe maciji, ga farce zaƙo-zaƙo, ga geron ko ruwa ba a yayyafa masa ba." Aka kwashe da dariya, aka mayar baya aka sake kallo. Can kuma aka nuno uban yarinyar wai ya tafi gona noma, da fartanya a kafaɗa, ga hazo ya rufe gari bishiyoyi sun kaɗe ganye ƙasa ta bushe ƙarau. Ƙanena ya ce Baba wannan noman me ake yi cikin hunturu a tudu? Baba bai ko ɗago ba ya ce noman kyamara.

Abin dariya ne amma akwai ciwo a ciki. Baƙauyen fim ɗin yanzu kala biyu ne kawai, ko dai gaɓo mai washe baki da aka shafa wa baƙin tukunya a haƙori ya zo birni yana tsoron fanka, ko kuma mugun kawu mai son aurar da marainiya ga tsoho saboda buhun masara. Maganar da ake sa musu a baki ma ba ta kowane gari ba ce, a ɗebo Sakkwatanci a gauraya da Katsinanci a ja murya, wai shi ne ƙauyanci. Ku zo Haɗeja ku ji yadda ake magana, ku je Gumel ku ji, ba ɗaya ba ne. Kuma 'yar ƙauyen ba ta zama mutum sai wani mai mota ya ɓata hanya ya gan ta a bakin rijiya ya kai ta birni an yi mata wanka.

Sai jan rai. Wannan kam har 'yan birnin na ji suna kuka da shi. Mota za ta taho, a nuno ta daga sama, a nuno taya, mai gadi ya taso da gudu ya buɗe get, ta shiga, a yi fakin, a buɗe ƙofa, ƙafa ta fito, takalmi, a taka har falo, a zauna, a gaisa, ya gida ya aiki ya gajiya, kafin a faɗi abin da ya kawo mutum cajin waya ya ragu da sanda guda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tsawon bidiyo da yawan fitowa shi ke kawo kuɗin talla, ga tallan maganin gargajiya da na filaye da ake cusawa a tsakiya. Labarin da a zamanin kaset za a gama shi a na ɗaya da na biyu, yanzu sai ya ci zango huɗu ana abu ɗaya. Mai wutar NEPA ba zai ji zafin ba, mu da muke biyan kuɗin caji mu muka san zafinsa.

Shi ya sa ba na ganin laifin samarinmu da suka koma wa fassarar Indiya. Ka je shagon caji ka tsaya ka ji, cikin masu zuwa turi in dai saurayi ne fassarar Algaita zai fara tambaya. Na tambayi wani me ya gani a ciki, ya ce Malam ai su in an fara an gama, awa biyu da rabi an zalunci mutum ya tashi ya rama kowa ya kama gabansa. Kuma ku lura, da yawa daga cikin na kudancin Indiya ɗin nan jarumin ɗan ƙauye ne, rigimar a kan gona ce ko ruwa ko wani mai kuɗi da ke son ƙwace filin jama'a, ba ya jin kunyar garinsu, da zaninsa a ɗaure yake dukan mutum goma. Dukan ƙarya ne kowa ya sani, amma rigimar gonar gaskiya ce, yaron da aka cinye wa gonar gado ya san ta.

Ba cewa nake ba a iya komai ba. Hoto ya yi kyau yanzu nesa ba kusa ba, sauti ya gyaru, akwai 'yan wasan da in suna kuka sai ka ga tsohuwa tana share hawaye da gefen mayafi. Daɗin Kowa na Arewa24 ya daɗe yana riƙe da mutanenmu saboda gidajen da ake nunawa irin namu ne, da mai shayi da malamin allo da rigimar kishiyoyi ba a falon alfarma ba. Labarina ma duk da labarin 'yan birni ne matan gidanmu sun bi shi sau da ƙafa, don an iya saƙa zance. Kenan in an zauna an yi rubutu muna ganewa, ba sai an sa mana bukka ba. Hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa tun 2001 tana ta fama da batun sutura da rawa da wanda bai kawo fim an duba ba, to wannan aikinta ne, amma ba hukumar da za ta tilasta wa marubuci ya san lokacin da ake shuka gero.

Ga labarai nan zube ba mai ɗauka. Ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa, mutane suka kwana a makarantu da kan titi. Mai noman riɗi da ya ci bashin taki da alƙawarin biya da kaka, farashi ya faɗi. Yaran da ke tafiya ci-rani Legas da Fatakwal su bar amare da tsofaffi. Sulhun manomi da makiyayi a gaban dagaci, wanda in ka zauna ka ji yadda ake jefa magana a wajen ya fi duk wata kotun fim da na taɓa gani. Matan da ke adashe su sayi tunkiya su yi kiwo su aurar da 'ya da kuɗin.

Na san abin da masu fim za su ce, kuma suna da gaskiyarsu: ku da ba kwa biya me ya kai ku ƙorafi? To ai muna biya, kullum sai an miƙa wa mai shago kuɗi, hanyar da kuɗin zai bi ya iso ku ce ba ku gina ba. Masu shagon cajin nan ba ɓoye suke ba, kowace kasuwa suna nan, sun san junansu, sun san fim ɗin da aka fi nema a satin fiye da kowane mai sharhi a intanet. A zauna da su a yi tsari, a riƙa ba su da wuri a kan kuɗi kaɗan su kuma su faɗi abin da jama'a ke cewa. In ma hakan ya yi wuya, to ranar da za a fita lokeshan ɗin ƙauye a ɗauki tsohuwa ɗaya a garin a biya ta ladanta ta zauna kusa da darakta, duk inda ta ce ba haka ake yi ba a sake ɗauka.