Jami'ar Shikago ba ta kyauta wa Stagg ba

Bayan kakar 1932, Jami'ar Shikago ta sallami Amos Alonzo Stagg, wai ya cika shekara 70, doka ta ce ya huta. Kaka 41 ke nan yana horar da ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita. Ni dai a ganina an yi masa rashin adalci.

Masu kare jami'ar suna da abin faɗa. Rabon Shikago da lashe gasar Big Ten, ta manyan jami'o'in yankinsu, tun 1924, 'yan wasan sun yi sanyi. Amma laifin tsohon ne? Shugaban jami'ar na lokacin, Robert Maynard Hutchins, bai ɓoye cewa karatu ne a gabansa ba, ƙwallo kuwa ko oho.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an manta yadda aka ɗauko shi. A 1892 William Rainey Harper, shugaban jami'ar na farko, ya ba shi muƙamin malami cikakke, abin da ba a saba yi wa koci ba. Stagg ya so zama mai wa'azi tun yana karatu a Jami'ar Yale, da ya ga ba shi da baiwar magana sai ya mayar da fili wurin tarbiyya. Ƙwallon kwando ma da shi aka yi mata wankan jego. Yana koyarwa a wata makaranta a garin Springfield lokacin da James Naismith ya ƙirƙiro ta, kuma a wasan farko da aka buga gaban jama'a, a watan Maris na 1892, shi ya jefa ƙwallo ɗaya tilo da malamai suka ci, ɗalibai suka doke su 5 da 1. Ya kuma horar da ƙungiyar kwandon Shikago a kakar 1920 zuwa 1921. Mutum irin wannan ai ba da takardar haihuwa ake auna shi ba.

Da aka sallame shi bai koma gida ya naɗe hannu ba. Ya nufi Kaliforniya, ya karɓi ƙaramar kwalejin Pacific a 1933, kuma a 1943, yana da shekara 81, aka zaɓe shi gwarzon kocin shekara na ƙasar. Kafin nan, a 1938, ya kawo yaran Pacific har Shikago, filin da ke ɗauke da sunansa, suka lallasa masu gida 32 da nema. Bayan kakar 1939 Hutchins ya rushe ƙungiyar gaba ɗaya.