Soke rajistar setilayit: yanke ka minti ɗaya ne, sallamarka kuwa sai ka yi jinya

Duk wanda ya san yadda dikoda ke aiki ya san wahalar da ake ba mutane wajen soke rajistar kallo ba ta da alaƙa da na'ura ko kaɗan. Da gangan ake yin ta. Kowace dikoda ta tashoshin kuɗi tana da kati, ko wanda ake zura mata ko wanda aka haɗa a jikinta tun daga masana'anta, kuma lambar katin nan a ɗaure take da lambar dikodar da asusun mai ita. Tashoshin kuɗi da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam a kulle suke zuwa. Kamfani ne ke cusa ɗan saƙo cikin siginar, yana gaya wa katinka tashoshin da zai buɗe da ranar da izininsa zai ƙare. Ranar da kuɗinka ya ƙare babu ma'aikacin da ke tashi daga kujerarsa. Kwamfuta ce ke janye izinin, allo ya yi duhu, saƙon kuskure ya bayyana. To wannan kwamfutar da ba ta yi maka lamunin kwana ɗaya, ita ce za a dube ka a ce wai tana buƙatar kwana 30 kafin ta gane cewa ka ce ba ka so? Wannan rainin hankali ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

Tsarin biya iri biyu ne, kowanne da tarkonsa. Akwai na biya-kafin-ka-kalla, wanda a ƙa'ida in ka daina biya magana ta ƙare. Akwai kuma na kwantiragi, na wata 12 ko 18 ko 24, inda ake cire kuɗi kai tsaye daga asusun banki ko kati. Masu na farkon sukan ɗauka sun tsira, sai ranar da suka ga an cire musu kuɗi bayan sun kwance dish ɗin ma. Dalili shi ne sabuntawa ta atomatik, kuma tana iya zama a wuri uku daban-daban: a manhajar kamfanin, a manhajar banki inda aka taɓa sa umarnin biya duk wata, ko a wurin wani dillalin biyan kuɗi da aka taɓa ajiye lambar kati. Kashe ɗaya ba ya kashe sauran. Mafi ciwo, sau da yawa akwatin amincewa da sabuntawar a cike mutum ya tarar da shi ranar da ya fara biya, bai lura ba ya wuce. Ragowar kuɗin da ya kwanta a asusun dikoda kuwa, dawo da shi aiki ne ja. Da yawa za su ce maka ba a mayarwa, sai dai ka kalle shi.

Na kwantiragi shi ne uwar matsalar. Shiga cikinsa danna maɓalli biyu ne, ko kiran minti biyar da murya mai daɗi. Fita kuwa sai ka kira waya, domin maɓallin sokewa ko babu shi a shafin, ko an binne shi ƙarƙashin shafi huɗu, a ƙarshe ya nuna maka lambar waya. Ka kira, na'ura ta yi ta jero maka zaɓi, babu na sokewa a ciki. In ka dace da mutum, sai ya ce ba sashensa ba ne, ya tura ka wani sashe wanda aikinsa guda ɗaya ne: hana ka tafiya. Ma'aikatan wannan sashe ba mugaye ba ne, talakawa ne masu neman abinci, amma a wurare da yawa da yawan mutanen da suka riƙe ake auna ƙoƙarinsu. Shi ya sa za a tambaye ka dalili, ka faɗa, a kawo maka maganin dalilin, ka ƙi, a sake tambayar ka dalili. Layi ya katse a tsakiya, ka koma farko, babu wanda ya rubuta cewa ka taɓa kira.

A nan ne ake kama mutane da tayin rangwame. "Mu rage maka rabin kuɗi na wata uku" magana ce mai daɗin ji, amma tambayar da ya wajaba ka yi kafin ka ce to ita ce: wannan tayin yana sabunta kwantiragin? Sau da yawa amsar e ce. Mutumin da saura wata biyu ya kuɓuta sai ya wayi gari an ɗaure shi da sabuwar shekara, kuma muryarsa da ya ce ya amince tana nan a ajiye a matsayin hujja. Haka ma kalmar dakatarwa. Dakatarwa ba sokewa ba ce. Asusu yana nan a raye, bayan wa'adin ya cika zai farka da kansa ya ci gaba da cin kuɗi, wani wurin ma watannin dakatarwar ba sa shiga lissafin kwantiragi, sai a ƙara su a ƙarshe. Ma'aikaci ya ce "mun dakatar maka", kai ka ajiye waya kana murna ka soke.

Sai lissafin kwanaki, wanda shi ne ya fi cin kuɗin mutane a ɓoye. Kamfanonin nan kuɗin wata mai zuwa suke karɓa tun kafin a kalla. Ɗauki misalin wanda ake cire wa kuɗi ranar 5 ga kowane wata, kuma sharaɗi ya ce sai an ba da sanarwar kwana 30. Ya kira ranar 10 ga Maris. Sanarwarsa za ta cika ranar 9 ga Afrilu, amma ranar 5 ga Afrilu an riga an cire kuɗin sabon wata cikakke. In kamfanin ba ya raba kuɗi bisa kwanaki, wannan bawan Allah ya biya har 4 ga Mayu ke nan, kusan mako takwas bayan ya ce ba ya so. Da ya kira kafin 5 ga Maris da bai yi wannan asara ba. Babu wanda zai gaya masa haka a waya, domin asararsa ita ce ribarsu.

In kuwa wa'adi bai cika ba, ga tarar fita da wuri. Yawanci ana lissafa ta ne da adadin watannin da suka rage, kowane wata da kuɗinsa. Wanda ya shiga na wata 24 ya nemi fita bayan wata 14, tarar wata 10 ke jiransa. Akwai kamfanonin da rangwamensu na shekara ɗaya ne amma ɗaurin na shekara biyu, wato daidai lokacin da kuɗin ya yi tsalle ne mutum ba shi da ikon motsi. Wane irin ciniki ne wannan, wanda ɓangare ɗaya zai iya ƙara farashi ko ya cire tashar da saboda ita ka shiga, ɗaya ɓangaren kuma in ya yi fushi ya biya tara? A duba takardar sharuɗɗa da kyau, domin a wasu ƙasashe da wasu kwantiragi, ƙarin kuɗin da ba a faɗa tun farko ba yana ba mutum damar fita kyauta cikin ƙayyadaddun kwanaki bayan sanarwa. Damar tana wucewa shiru in ba a yi amfani da ita ba.

Wasu in ransu ya ɓaci sai su ce bari su toshe ta banki kawai. Fushin a kan hanya yake, amma matakin shi kaɗai yana da haɗari. Hana cire kuɗi ba ya soke kwantiragi. A littafin kamfani kai mai bashi ne, za a ɗora tarar jinkiri, daga baya a miƙa ka ga masu karɓar bashi, a ƙasashen da ake ajiye tarihin bashi kuma sunanka ya ɓaci. Canza kati ma ba lallai ya cece ka ba, domin manyan kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da tsarin da ke sanar da 'yan kasuwa sabuwar lamba in an sabunta kati. Don haka sokewa a rubuce ita ce farko, toshewa a banki ta biyo baya.

Ga yadda ya kamata a bi. Kafin ka taɓa waya, haɗa lambar asusu, lambar kati da lambar dikoda, ka nemo ranar da kwantiragi ya fara da ranar da ake cire kuɗi. Duba bil na ƙarshe layi-layi, domin ƙarin tashoshin wasanni, dikodar ɗaki na biyu, kuɗin naɗar shirye-shirye da inshorar na'ura sukan zama yarjejeniyoyi masu zaman kansu. Inshorar ma wani lokaci ta wani kamfani ce daban, tana iya ci gaba da cin kuɗi shekara guda bayan dikodar ta bar gidan. Ka rubuta imel ko wasiƙa mai shaidar isarwa, gajera: sunanka, lambar asusu, cewa kana soke rajistar gaba ɗaya tare da duk ƙarin da ke kanta daga rana kaza, ba dakatarwa ba, kuma ka janye izinin cire kuɗi bayan bil na ƙarshe. In dole sai an kira, kada ka shiga muhawarar dalili. Maimaita jimla ɗaya, ka ƙi duk tayi, kuma kada ka ajiye waya sai an ba ka abu uku: lambar shaidar sokewa, ranar da za a yanke, da adadin kuɗin ƙarshe. Rubuta sunan wanda ka yi magana da shi da lokaci. Nemi a turo tabbaci a rubuce. In hira ce ta manhaja, ɗauki hoton allo nan take, domin da zarar an rufe asusu hirar na iya ɓacewa.

Kayan aiki ma wani rami ne. In saya ka yi, naka ne. In haya ne, akwai wa'adin mayarwa, kuma rashin mayarwa tara ce mai nauyi. Abin da aka fi nema shi ne dikoda da katinta, rimot da wayar wuta, wani lokaci har da LNB, wato ɗan kan nan da ke bakin hannun dish. Farantin kansa galibi ba sa zuwa ɗauka, suna bar maka shi a bango da ramukan kusoshi, kwance shi da toshe ramukan su zama naka. Kafin ka rufe kwali, ɗauki hoton lambar da ke bayan dikoda da hoton kayan a jere, ka adana rasit ɗin aikawa na aƙalla shekara ɗaya. "Ba mu ga kayanka ba" magana ce da ke zuwa bayan wata biyu ko uku, lokacin da ake sa ran ka yar da takardar.

Inda abin ya fi muni shi ne in mai asusun ya rasu ko ya kwanta ciwo. Iyali suna cikin jimami, su kira, a ce sai mai asusu da bakinsa. A nemi takardar shaidar rasuwa, a aika, a ce ba ta iso ba, kuɗi kuma na fita duk wata. Kamfanin da zai iya buɗe asusu cikin minti biyar ba shi da uzurin kasa rufe na mamaci cikin mako guda.

Kuma kada wani ya ce gyara ba zai yiwu ba. Jamus ta wajabta maɓallin sokewa a shafukan intanet tun 1 ga Yulin 2022. Faransa ta bi sahu daga 1 ga Yunin 2023, ta tilasta a samar da hanyar sokewa mai sauƙi ta intanet. A Tarayyar Turai wanda ya ƙulla ciniki ta waya ko intanet yana da kwana 14 na janyewa, kuma kuɗin da aka cire ta SEPA, wato tsarin cire kuɗi kai tsaye daga asusun banki a Turai, ana iya neman banki ya dawo da shi cikin mako 8. A Amurka hukumar kula da harkokin sadarwa, FCC, ta gabatar da shawarar haramta tarar fita da wuri ga kamfanonin kebul da setilayit a Disambar 2023, hukumar kula da kasuwanci da kare masu saye, FTC, kuma ta fitar da dokar da ke cewa fita ta zama da sauƙi kamar shiga a Oktobar 2024. Ƙungiyoyin kamfanoni suka garzaya kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe dokar a Yulin 2025 saboda kuskure a matakan kafa ta, kwanaki kaɗan kafin ta fara aiki sosai. Wanda ya ɗauki lauyoyi don kada a sa masa maɓalli ɗaya a shafinsa ya riga ya faɗa maka nawa wahalarka ke kawo masa.

Bayan ranar yankewa, bi bayanan asusunka na banki na wata uku. In an sake cirewa, kai wa banki lambar shaidar sokewa da tabbacin da aka turo maka, ka nemi a dawo da kuɗin a matsayin cirewa bayan an soke. Kada ka yi jinkiri, domin ƙorafin kati yana da wa'adi, galibi kwana 120. In kamfani ya yi kunnen uwar shegu, rubuta masa ƙorafi na ƙarshe da wa'adin kwana 14, sannan ka kai takardunka gaba ɗaya ga hukumar kare haƙƙin masu saye ko hukumar da ke kula da kafafen watsa shirye-shirye ta ƙasarka.