Goge Rubutunka Ba Karya Tsarin Mulkin Amurka Ba Ne

Da yawa na ganin idan Facebook ya goge rubutun mutum, ya karya dokar 'yancin faɗin albarkacin baki ta Amurka. Ba haka ba ne. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin ƙasar, na 1791, gwamnati ya ɗaure wa hannu, ban da kamfanoni masu zaman kansu. Sashe na 230 na wata dokar 1996 ma kariya ya ba kamfani idan ya cire abin da ya ga bai dace ba.

Inda maganar ke zuwa kotu shi ne idan jami'in gwamnati ne ya tilasta gogewar. A Tarayyar Turai kuwa, dole kamfanin ya gaya maka dalili, ya kuma ba ka damar kai ƙorafi.