A Amurka mai bin bashi ba ya sallama a ƙofar gida

Cikin Hausawan da ke zaune a nan Amurka akwai magidanta da dama da idan ka gan su ranar Juma'a a masallaci za ka rantse Allah ya gama rufa musu asiri. Ga mota mai kyau, ga gida a unguwar da makarantunta suka yi suna, ga yara fes-fes. Amma albashinsu ba ya kwana uku a asusu. Bankin da ya ba da bashin gida ya ɗebi nasa, katunan bashi uku ko huɗu su yagi nasu, ɗan abin da ya rage a tura Kano ko Maraɗi. Kafin wata ya ƙare, da katin ake sayen shinkafa da madarar yara. Ni a ganina ba ƙarancin samu ne ya fi jefa gidajenmu cikin wannan hali ba. Mun taho da yadda muka san bashi a gida, muka shiga da shi wurin da bashi yake da wata ɗabi'a daban.

A Zariya inda na tashi, mai bin ka bashi mutum ne da ka sani. Mai shagon unguwa yana da littafinsa. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai ba ka atamfa dila guda bisa amana, ka sayar ka kawo. Idan ka yi jinkiri, bayan sallar asuba za ka ji sallama, ka fito ka tarar da shi a kan dakali, maƙwabta na wucewa suna gaishe ku, kowa kuma ya san abin da ya kawo shi. Kunyar nan ce ke sa a biya, kuma ita ce ke sa kawu ko limamin unguwa ya shiga tsakani ya ce a yi haƙuri zuwa kaka. Muhimmin abu shi ne, naira dubu ɗari da aka ba ka bara tana nan a dubu ɗarinta bana. Ba ta haihuwa.

Gida ma haka muke yin sa. A sayi fili, bana a buga bulo, baɗi a kai linta, in Allah ya hore a yi rufi a tare ko da ba filasta. Shekara goma ana abu ɗaya, amma ranar da ka kwana a ciki babu mai bin ka ko kwabo. Akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 cikin 100 na albashi, amma ka ƙirga mutum nawa ka sani da suka mallaki gida ta wannan hanya. Bankunan kasuwanci kuwa ba a ma maganarsu, tunda Babban Bankin Najeriya kansa ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ba wai ina cewa gida aljanna ce ba. Manhajojin ba da rance na waya sun shigo, masu tura wa duk wanda ke cikin wayarka saƙon cewa kai ɓarawo ne saboda naira dubu goma. Amma talakan Arewa har yanzu tsoron bashi yake yi, kuma tsoron yana kare shi.

A nan kuwa wanda ba ya cin bashi shi ne abin zargi. Kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, suna riƙe da tarihin biyan bashin kusan kowa, daga nan ake fitar maka da maki tsakanin 300 zuwa 850. Idan ba ka da tarihin, hayar ɗaki ma sai ka sha wuya. To dole sabon zuwa ya karɓi kati. Ya biya a kan lokaci wata shida, sai a ƙara masa iyakar abin da zai iya ci, wani bankin ya aiko masa da nasa ta akwatin wasiƙa har da taya murna. Ba mai sallama, ba mai zama a dakali. Takarda ce kawai ko saƙon imel, wanda za ka iya ƙin buɗewa.

Ga lissafin da yawancinmu ba mu zauna mun yi ba. Kuɗin ruwan katin bashi a 'yan shekarun nan ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, kuma a 2023 jimillar abin da ake bin Amurkawa a kan katuna ta wuce dala tiriliyan 1. A ce ana bin ka dala 10,000 a kan kashi 24. Ruwan wata ɗaya kaɗai dala 200 ne. Mafi ƙarancin abin da bankin zai nema ka biya zai kai kamar dala 300, ka biya ka ji ka sauke nauyi, alhali dala 100 ce kawai ta taɓa uwar kuɗin. Idan kuma a watan ka sake sayen mai da cefane na dala 150 da katin, baya ka ci. Tun dokar 2009 an tilasta wa bankuna su rubuta a jikin takardar wata-wata shekarun da za ka ɗauka idan ƙaramin biyan nan kawai kake yi. Yana nan a wani ɗan akwati. Duk wanda ya karanta shi sau ɗaya, barcin ranar ba zai yi daɗi ba.

Bashin gida shi ma da nasa salon. Wanda ya saya a farkon 2021 ya samu ruwa ƙasa da kashi 3. Wanda ya saya a Oktoban 2023 ya tarar da shi ya doshi kashi 8. Dala 300,000 a kan kashi 7 na shekara 30, biyan wata ya kusa dala 2,000, kuma a watan farko dala 1,750 daga ciki ruwa ne zalla. Kafin ka gama ka biya sama da dala 700,000. Wannan ban da harajin gida, da inshora, da wata inshorar da ake ɗora wa wanda bai ajiye kashi 20 na kuɗin gidan tun farko ba. Sannan na'urar ɗumama gida ta mutu a tsakiyar Janairu a Ohio, da yara ƙanana a ɗaki. Babu mai gidan haya da za ka kira. Sai kati.

Duk wannan Ba'amurke ma yana fama da shi. Abin da ya zama namu mu kaɗai shi ne gida biyu da muke ɗauke da su. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata daraja a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, sai dala ɗari ta zama abin kirki a can, rayuwa kuma ta yi tsada ta yadda kowa ke da uzuri na gaskiya. Wayar ba ta hutawa. Abincin iyaye da maganinsu wajibi ne, babu mai musu a kai. Amma lefen ƙane, da kayan ɗakin 'yar yaya, da ragon layya na gida uku, da gudummawar bikin wanda rabonka da shi tun firamare, waɗannan da yawa da kuɗin kati ake yin su, don kada a ce wane ya je Amurka ya manta da mutane. Mafi ciwo shi ne ginin da ake yi a gida. Mutum ya ci bashi a kan kashi 24 ya dasa bene a Kaduna wanda maigadi ne kaɗai ke kwana a ciki, shi kuma yana tuƙin Uber har ƙarfe biyun dare bayan ya tashi daga aikin yini. Wannan ba rufin asiri ba ne, ko da kuwa a can ana yi masa kirari.

Na taɓa zama da wani ɗan uwa da abin ya kai masa iya wuya. Ya fita mota ya dawo da wata baƙar leda da ya ɓoye ƙarƙashin kujera, cike da ambulan da ba a buɗe ba. Muka baje su a kan tabarma bayan sallar isha'i, muka samu takarda ɗaya muna rubuta kowane kati da abin da ake bi da ruwansa. Matarsa ta kawo shayi, ta tsaya tana kallon lambobin. Ta ce, "Baban Ummi, duk wannan yaushe aka yi shi? Ni da nake cewa a canja kujerun falo?" Ya sunkuyar da kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kuɗin adashenta da ta kwasa, ta ajiye a kan ƙaramin katin cikinsu ta ce a fara kashe wannan. Shekara da shekaru yana ɓoye mata, wai don kada hankalinta ya tashi, alhali ita ce ke riƙe da cefane da sayayyar yara, wato inda za a iya rage kashe kuɗi tun farko.

Shi ya sa nake cewa matakin farko ba na banki ba ne, na cikin ɗaki ne. Bayan shi sai a san wane bashi ne ke gaba. Na gida ne, domin shi ne aka jinginar da rufin da ke kan yara. Masu kati za su dame ka da waya, za su ɓata maka maki har shekara bakwai, za su iya kai ka kotu, amma ba su ne ke riƙe da takardun gidanka ba. Idan ka hango ba za ka iya biyan watan gobe ba, kai za ka fara kiran masu bashin gidan ka nemi a jinkirta ko a sake tsara biyan. A ƙa'ida ba sa fara shirin ƙwace gida sai jinkiri ya wuce kwana 120, kuma akwai masu ba da shawara kan gidaje da ma'aikatar gidaje ta tarayya ta amince da su, kyauta suke duba irin wannan matsala. Abin da nake jan kunne a kai shi ne tayin da ake yi na a ci sabon bashi a kan gidan a biya katuna. Ruwan ya fi sauƙi, gaskiya ne. Amma ka mayar da bashin shinkafa da tikitin jirgi ya zama wanda za a iya raba ka da muhalli a kansa, kuma katunan da aka wanke suna nan a aljihu suna jira.

Su katunan, lissafi ya ce a fara da mai ruwa mafi tsada, a bar sauran a kan ƙaramin biya. Wasu sun fi son su fara da ƙarami don su ga an kashe ɗaya su samu ƙarfin gwiwa. Ban damu da wanda aka zaɓa ba, muddin an daina saye da su. Akwai ƙungiyoyin ba da shawara da ba na neman riba ba, waɗanda ke sasantawa da bankuna a rage ruwa a haɗa biyan wuri ɗaya na shekara 3 zuwa 5. Su daban ne da kamfanonin da ke talla a rediyo cewa za su shafe maka rabin bashi. Waɗannan sukan ce ka daina biya ka riƙa tara kuɗin a wurinsu, ruwa da tara na hauhawa, kuma abin da aka yafe maka ana iya lissafa shi a matsayin samu a nemi haraji a kai. Idan abu ya gagara akwai kotun fatara, inda mutum ke zuwa ya bayyana ya kasa biyan bashin da ake bin sa, wadda tabonta ke zama a tarihin mutum shekara 7 ko 10. Kafin a kai can, sayar da gidan a koma haya ba abin kunya ba ne. Kunyar a kanmu take kawai, maƙwabcinka Bature ko a jikinsa.

Inda gida ya fi nan nesa ba kusa ba shi ne adashe. Gida goma su zuba dala 500 kowane wata, dala 5,000 ke nan babu ruwa ko sisi. Matanmu suna yi a kusan kowane gari da muke, sai dai kwasar takan tafi ga gwal da hutun bazara. Da za a riƙa ba wanda kati ya shaƙe kwasar farko, da gidaje da yawa sun numfasa. Sai dai a rubuta, a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, don na ga zumuncin da adashen baki ya raba. Haka zakka. Waɗanda ake bi bashi suna cikin rukuni takwas na masu cin zakka da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, amma ba kasafai ake tuna mai mota da gida ba idan ana rabo, shi ma ba zai taɓa buɗe baki ba. Ya dace malamanmu na nan su zauna su fayyace wane irin mai bashi ne ya cancanta. Masu gudun riba kuma suna da kamfanoni irin su Guidance Residential da ke sayen gida tare da kai ka riƙa fansar kasonsu sannu a hankali. Hakan na iya kwantar da zuciya, amma biyan wata ba ya raguwa sosai, kuma ba zai ceci wanda ya sayi gidan da ya fi ƙarfinsa ba.

Mafi wuya a duk lamarin shi ne kiran waya zuwa gida. Ɗan uwan nan nawa ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya kira babban yayansu ya ce, "Yaya, bashi ya yi mini yawa. Abin Hajiya na wata-wata ba zai tsaya ba in sha Allahu, amma ban da shi a ɗaga mini ƙafa shekara biyu, gini ma a dakata." Yayan ya yi shiru, sannan ya ce ai su duk zatonsu ajiya yake ɗiba. Hajiya da ta ji, cewa ta yi a rage nata ma, shi ne ya ƙi. Ba kowa ne ya karɓa da kyau ba. Ƙanensa da aka ɗaga wa biki har yanzu gaisuwarsu a taƙaice take. Katuna biyu sun mutu, saura biyu, ginin Kaduna yana nan a linta, kuma ya daina fita tuƙin dare sai ranar Asabar.