Malamin da Ya Yi Asarar Dala Miliyan 35 Kafin Ya Shiga Aji

Kwanan nan tallar kwasa-kwasan koyon kasuwanci ta ishe ni a intanet. Kowa da hotonsa cikin kwat, kowa da alƙawarin zai koya maka kafa kamfanin fasaha cikin 'yan makonni. Ban ce kowa maƙaryaci ba ne, akwai na ƙwarai a cikinsu. Amma duk sa'ad da na ci karo da irin wannan talla, tambaya ɗaya ce ke faɗo mini a rai: shi malamin, me ya taɓa ginawa da hannunsa, me kuma ya taɓa rasawa? Ita ce ta sa yau nake so mu yi maganar Steve Blank, wani Ba'amurke da a wurina ya zama ma'aunin da nake auna duk mai cewa zai koyar da kasuwanci.

An haifi mutumin a 1953. Bai ƙarasa jami'a ba ya shiga rundunar sojin saman Amurka, aka tura shi Tailan lokacin yaƙin Biyetnam, inda aikinsa shi ne gyaran na'urorin lantarki na jiragen yaƙi. A 1978 ya isa Kwarin Silikon da ke Kalifoniya, cibiyar kamfanonin fasaha ta Amurka, ya yi shekara 21 yana faɗi-tashi a sababbin kamfanoni har takwas, ciki da Zilog da MIPS masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Duk wannan na faɗa ne don a san daga ina ya fito. Inda labarin ya fi kama ni shi ne kamfaninsa na bakwai, Rocket Science Games.

Kamfanin wasannin bidiyo ne, Blank ne shugabansa. Masu zuba jari suka ba su dala miliyan 35. A 1994 mujallar Wired ta sa su a bangonta, ana ta yi musu kirari cewa su ne za su haɗa fasahar finafinai da wasan kwamfuta. Suna da ƙwararrun masu zane, suna da injiniyoyi, suna da suna. Wasannin suka fito kasuwa, aka rasa masu saye. Hotuna sun yi kyau, amma yaran da ake sa ran za su buga wasan ba su ji daɗinsa ba. Kamfani ya durƙushe, kuɗi suka tafi. Blank da bakinsa yake ba da labarin yadda ya kira mahaifiyarsa ya gaya mata ya yi asarar wannan maƙudan kuɗi, ita kuwa baiwar Allah, da ba ta san yadda harkar take ba, sai ta tambaye shi a ina ya ajiye su. Ni wannan tambayar tata ba ta ba ni dariya ba, tausayi ta ba ni, domin ita ce tambayar da duk iyayen da ɗansu ya karye suke yi.

Abin da ya raba shi da dubban waɗanda suka karye shi ne abin da ya yi da karyewar. Da farko, kamar kowa, ya ɗora wa wasu laifi. Daga baya ya zauna ya amsa cewa shi ne bai san mutanen da yake ƙera wa kaya ba.  A 1996 shi da abokansa suka kafa E.piphany, mai yin manhajar da kamfanoni ke bibiyar kwastomominsu da ita, wannan karon Allah ya ba da sa'a. A 1999 ya ajiye aiki da arzikinsa. Da ya so, da sai ya shige gonarsa ya huta, ko ya riƙa yawon taruka yana ba da labarin nasara. Maimakon haka ya zauna yana tono dalilin da ya sa wasu kamfanoninsa suka tsira wasu suka nutse, abin da ya zama littafinsa The Four Steps to the Epiphany, ya kuma shiga koyarwa a jami'ar Berkeley, daga baya Stanford.

Tushen koyarwarsa ba shi da wuyar faɗa. Sabon kamfani ba ƙaramin babban kamfani ba ne. Babban kamfani ya riga ya san wa ke sayen kayansa da nawa ake saye, aikinsa shi ne aiwatarwa. Sabo kuwa lalube yake yi, duk abin da ke rubuce a takardar tsarinsa hasashe ne, ko da an ƙawata shi da jadawalin ribar shekara biyar. Saboda haka babu gaskiyar da za ka samu a cikin ofis, sai ka fita waje ka sami mai sayen. Misalin da ya riƙa bugawa shi ne Webvan, kamfanin kai kayan cefane gida a Amurka, wanda ya ƙulla yarjejeniyar dala biliyan ɗaya don gina manyan rumbunan ajiya tun kafin ya tabbatar da yawan masu buƙatar aikinsa, ya kuma ruguje a 2001.

Wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kowa ya san zomo ba ya kamuwa daga zaune. Haka ne, kowa ya sani da baki. Ni ma na sani lokacin da ni da wani abokina muka shafe watanni muna gina manhajar lissafin ciniki don ƙananan 'yan kasuwa. Duk wanda muka nuna wa cikin abokanmu sai ya ce, kai, wannan abu ya yi. Ranar da muka fara miƙa ta ga mutumin da ainihi dominsa muka yi ta, ya karɓi wayar, ya danna nan ya danna can, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye mu a ina zai rubuta sunan wanda ya karɓi kaya bashi. Babu wurin. Ya miƙo mana wayar cikin mutunci, ya jawo littafinsa da gefensa ya naɗe don yawan buɗewa, ya ci gaba da rubutu. Minti biyar na hira da shi tun a watan farko da sun rage mana wahalar rabin shekara. Sanin abu daban, samun wanda zai tilasta maka ka aikata shi daban, kuma a nan ne aikin malami yake.

Ajin da Blank ya buɗe a Stanford a 2011, wanda ya kira Lean LaunchPad, a kan wannan tilas aka gina shi. Ɗalibai ba sa zuwa su zauna su kwafi darasi. Kowane mako sai ƙungiya ta fita ta yi hira da mutane, ta dawo ta tsaya gaban aji ta faɗi abin da ta zata, abin da ta tarar, da abin da za ta canza. A shekarar ce hukumar tallafa wa binciken kimiyya ta ƙasar Amurka ta ɗauki tsarin ta kira shi I-Corps: ana ba ƙungiyar masu bincike dala 50,000, a ce su yi hira da mutum 100 cikin mako bakwai. Ku yi tunanin farfesan da ya shekara goma a ɗakin gwaji, yau an ce ya je ya tambayi baƙo ko abin da ya ƙirƙira zai yi masa amfani. Da yawa suna dawowa da amsar a'a, kuma tsarin yana ɗaukar wannan a'a ɗin a matsayin sakamako mai daraja.

Ko a wajen zuba jari halin nan bai bar shi ba. Da ya sa kuɗinsa a wani sabon kamfanin fasaha mai suna IMVU, sharaɗin da ya gindaya shi ne masu kamfanin su zo su zauna a ajinsa. Cikinsu akwai wani matashi Eric Ries, wanda ya haɗa darasin da salon injiniyoyi na fitar da manhaja kaɗan-kaɗan, ya wallafa The Lean Startup a 2011, har sunan ɗalibi ya so ya shafe na malami. Wannan irin mai jari ne nake girmamawa, wanda ke ba ka kuɗi tare da abin da zai hana ka ƙona su.

Sai dai kada mu ɗauki labarin mu haɗiye ba tauna. Dala miliyan 35 ɗin nan ba daga aljihunsa suka fito ba. Kuɗin masu zuba jari ne, ciki da kamfanonin jari da suka san tun farko mafi yawan abin da suka shuka ba zai tsiro ba, ɗaya ko biyu ne za su rufe asarar saura. Shi ya sa a Kwarin Silikon wanda ya faɗi yake iya samun wani jarin, har a ce masa ya ƙaru da gogewa. Wanda ya sayar da gadonsa ko ya ci bashin 'yan uwa, faɗuwarsa ba ado ba ce, kuma zalunci ne malami ya riƙa gaya masa ya faɗi da wuri kamar abin wasa. A fahimtata ma koyarwar Blank ta fi zama wajibi a kan irin wannan mutumin, tunda hira da mutum talatin ba ta cin komai sai takalmi da kunya, ƙera kaya kuwa yana cin jari. Akwai kuma kwas ɗin da ya taimaka aka kafa a 2016, Hacking for Defense, inda ɗalibai ke amfani da tsarin wajen warware matsalolin ma'aikatar tsaron Amurka. Shi tsohon soja ne, yana ganin kishin ƙasarsa yake yi. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba, kuma ba zan ɓoye haka ba don ina yaba sauran aikinsa.

Darussansa da dama suna nan kyauta a shafinsa, har da labarin Rocket Science da ya rubuta da hannunsa, bai rage komai don kare mutuncinsa ba. Makon jiya wani ƙanena ya turo mini tallar wani kwas yana neman shawarata ko ya biya. Na ce masa ya fara rubuta wa malamin ya tambaye shi wane kamfani ya taɓa kafawa, ina ya kwana, kuma a kwas ɗin mutum nawa za a tura shi ya yi hira da su. Ya tura saƙon, muna jiran amsa.