Cinikin Maraɗi na buƙatar wanda ya san takarda

Tun da Nijar ta kammala fita daga CEDEAO, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, wata magana ta yi ƙarfi a fadodin Maraɗi, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wai ma'aikatan da suka ƙare rayuwarsu a kan yarjejeniyoyin ciniki ƴan yawon taro ne kawai, masu cin kuɗin otel, alhali Alhazan Maraɗi sun yi arziki ba tare da sun karanta sharaɗi ko ɗaya ba. Da kunnena na ji wani babban ɗan kasuwa ya faɗi haka, jama'a na gyaɗa kai.

Alhaji, da girmanka, wannan magana ba ta kama hanya ba. Kayanka da ke shiga Jibiya daga Ɗan Isa, da wake da aya da dabbobin da ake kai wa Katsina da Kano, sun daɗe suna wucewa a ƙarƙashin tsarin sassauta harajin CEDEAO. Ranar da muka fita, ƙungiyar ta ce a ci gaba da aiki da tsarin har sai an ga abin da tattaunawa za ta haifar. Ke nan cinikin gari guda na rataye ne da sanarwar da masu ita za su iya janyewa gobe. Wa muka tanada da zai zauna ya mayar da ita yarjejeniya mai sa hannu?

Dubi Wamkele Mene, ɗan Afirka ta Kudu da aka zaɓa a 2020 ya shugabanci sakatariyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, ZLECAf, a birnin Akara. Ba daga sama ya faɗo ba. Lauya ne da ƙasarsa ta tura Janeba ya yi shekaru yana wakiltarta a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, sannan ta ɗora shi kan jagorancin tawagarta a tattaunawar ZLECAf ɗin kanta. Gwamnatinsa ta bar shi a fanni ɗaya har ya san inda ake ɓoye tarko a cikin takarda: wane kaya za a kira na gida, kashi nawa na haraji za a sauke, a cikin shekara nawa. Irin waɗannan layuka ne ke yanke ko fatar jar akuyar Maraɗi za ta shiga kasuwar waje da sauƙi ko za ta tsaya a hannun duwan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a Yamai aka ƙaddamar da wannan kasuwa, a Yulin 2019, Mahamadou Issoufou ne ma jagoranta a Tarayyar Afirka. A wurin Najeriya ta sa hannu. Wata guda bayan nan ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Duk wanda ya ga motoci jere a Ɗan Isa a lokacin bai manta ba. Masu raina takarda na kafa hujja da wannan, wai ga shi nan sa hannun bai hana komai ba. Su dai ba su taɓa tambayar wa ya bi mana kadi ba. Yarjejeniya ba ta kare kanta, sai da mutumin da ya haddace ta, yake buga waya, yake tayar da hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da ke nan tun 1971.

Aka sake rufe mu a 2023 bayan juyin mulki. Kayan da ke zuwa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, talaka ya biya kuɗin zagayen a farashin shinkafa. Ga kuma layin dogo daga Kano yana nufo mu, kilomita 284, kuma sharuɗɗan abin da zai ɗauko da abin da zai kwasa sai an zauna an rubuta su.

Ni dai abin da nake nema kaɗan ne. A zaɓi matasa a ma'aikatar kasuwanci, a horar da su, a daina sauya musu kujera duk lokacin da minista ya sauya. Kafin a aika ɗayansu Janeba ko Akara, ya fara yin shekara a Ɗan Isa yana ƙirga shingayen da direba ke tsayawa.