Sassaƙen da ke kashe maɗaci

Duk wanda ya bi tsofaffin titunan Kano ko Zariya ya dubi gindin maɗacin da ke bakin hanya, zai ga an feɗe su daga ƙasa har iya inda hannu ke kaiwa. Aikin masu neman sassaƙe ne, domin ɓawon maɗaci na cikin abin da Bahaushe ya fi jiƙawa don ciwon ciki, zazzaɓi da basir. Haka hano da marke ke shan gizago a daji. Ba shan maganin nake ƙi ba. Yadda ake ɗibarsa ne ɓarna, kuma ɓarnar da za a iya dainawa ba tare da an kashe ko sisi ba.

Tsakanin ɓawo da itace akwai wata fata mai laushi da danshi. Ta cikinta abincin da ganye ya sarrafa ke gangarawa zuwa saiwa. Ruwa kuma ta cikin itacen yake hawa. Shi ya sa idan aka sassaƙe gindi aka zagaye shi kaf, bishiyar ba ta faɗuwa nan take: ganye na nan kore shar, mai gizago ya tafi yana ganin bai yi komai ba, alhali saiwa ta shiga yunwa. Sai damina ɗaya ko biyu ta wuce a ga rassa sun fara bushewa daga sama. Maɗaci kuwa tuni ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin itatuwan da ke fuskantar barazana.

Ɗiba ta hankali ba ta da wuya. A nemi bishiyar da ta riƙa, a bar ƙanana. A yanki ɓawo a tsaye, faɗin yatsu uku, tsawon kamu ɗaya, kada a haɗa da naman itacen. In ana son ƙari, a koma ɗaya gefen, amma duk abin da aka cira kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen gindin. Tsofaffin masu magani kan shafe wurin da taɓo. Sannan a ƙyale bishiyar sai miki ya rufe, abin da kan ɗauki shekaru. Wanda zai iya hawa, sassaƙen babban reshe ya fi sauƙin illa a kan na gindi.

Masu sana'ar za su ce 'yan gawayi da masu katako ne ke cinye daji, ba su ba. Da gaskiyarsu. Sai dai bishiyar da aka zagaye ta bushe ita ce mai gatari ke sarewa ba wanda zai ce masa don me.

Rabin ɓarnar kuma kan majinyaci take faɗawa. Ɗanyen sassaƙe da aka cusa a buhu ko leda kafin ya bushe yakan yi fumfuna, kuma wasu nau'o'in fumfuna na fitar da dafin da ke lalata hanta, wanda tafasawa ba ta kashe shi. A shanya a inuwa mai iska, kan tabarma ko rumfa, ana juyawa. Busasshe idan aka lanƙwasa shi karyewa yake da ƙara. Wanda ya lanƙwasu da saura. Na bakin titi ma ban ga dalilin shansa ba, shekara nawa yana shan hayaƙin mota da ƙura.

Mai saye, ya sayi gutsuren da zai gani da idonsa ya shinshina. Da zarar an daka ya zama gari, ko mai sayarwa ba zai rantse da abin da ke ciki ba. Jiƙo kuma a yi na yini ɗaya. Wanda ya kwana uku a gora cikin zafin bazara ya zama wani abu dabam. Mai ciki da jinjiri kada a ba su, haka mai ciwon ƙoda. Yaron da jikinsa ya yi zafi kuwa, gwajin zazzaɓin cizon sauro bai wuce minti 20 ba, a fara da shi kafin a ɗauko ƙwaryar jiƙo.